Yadda jirgi ke hawa tudu a mashigin Panama, da abin da ya sa fari ke iya tsayar da shi

Tun lokacin da labari ya ɓulla a ƙarshen 2023 cewa jiragen ruwa sun yi cirko-cirko a bakin mashigin Panama wai saboda ƙarancin ruwa, mutane da yawa suka kasa gane kan zancen, kuma ba laifinsu ba ne, don abin da kowa ya sani shi ne wannan mashigi ya haɗa tekun Atlantika da na Fasifik, toh ta yaya hanyar da ke tsakanin manyan tekuna biyu za a ce ta rasa ruwa? Ba a gama da wannan ba kuma sai ga Donald Trump a jawabinsa na kama mulki ranar 20 ga Janairun 2025 yana cewa Amurka za ta karɓe mashigin, sai maganar ta ƙara cakuɗewa, ga batun fari ga batun kuɗin fito ga batun Chaina duk a tukunya ɗaya.

Bakin zaren yana wuri guda ne. Mashigin Panama ba da ruwan teku yake aiki ba, da ruwan sama yake aiki, kuma duk jirgin da ya wuce sai an zubar da wani kaso na wannan ruwan a teku, ba ya dawowa sai wata daminar.

Mene ne zauren ruwa

Turawa suna ce masa lok, mu ce masa zauren ruwa, don kamarsa ɗaya da zauren gida mai ƙofa biyu, ɗaya ta waje ɗaya ta cikin gida. Wani dogon ɗaki ne na kankare mara rufi da aka gina a kan hanyar ruwa, da ƙyauren ƙarfe a gaba da wani a baya. Ruwan da ke gaban zauren yana sama, wanda ke bayansa yana ƙasa. In jirgi ya zo daga ƙasa sai a buɗe masa ƙofar baya ya shiga, a rufe, sannan a saki ruwa daga sama ya riƙa shigowa ta wasu ramuka da ke ƙasan zauren, ruwa na cika jirgi na tashi, har sai ruwan ciki ya yi daidai da na gaba, sannan a buɗe ƙofar gaba ya fita. In sauka zai yi sai a juya lissafin, ya shiga zauren yana cike, a tsiyaye ruwan zuwa ƙasa.

Babu wani famfo ko inji da ke tura ruwan sama, gangara kawai yake bi, kamar dai yadda mai noman rani ke fasa bakin fangali ruwa ya wuce na gaba da kansa. Wannan shi ya sa dabarar ta yi arha ta kuma daɗe, tun shekarar 984 wani jami'in gwamnati a Chaina mai suna Qiao Weiyue ya gina irin wannan zaure mai ƙofa biyu. Amma a nan ɗin ne kuma matsalar take, ruwan da ya gangara ya tafi kenan, saboda haka dole a can saman tudu a samu tafki ko kogi da zai riƙa ciyar da zaurukan kullum.

Abin ba baƙo ba ne a nahiyarmu ma. Madatsar Kainji da aka kammala a 1968 an gina ta da irin wannan zaure don jiragen dakon kaya su iya wuce ta a kogin Kwara, kuma a Esna ta ƙasar Masar jiragen 'yan yawon buɗe ido da ke tafiya tsakanin Luxor da Aswan layi suke bi su shiga irinsa a kan kogin Nilu.

Me ya sa ba a haƙa shi miƙe kamar na Suez ba

An gwada. Mashigin Suez da aka buɗe a 1869 ba shi da zaure ko ɗaya, don ƙasar shimfiɗaɗɗen rairayi ce, aka tsaga ta teku ya haɗu da teku shikenan. Ferdinand de Lesseps, Bafaranshen da ya jagoranci wancan aiki, shi ne ya fara haƙa na Panama a 1881 da niyyar maimaita abin da ya yi, sai ya tarar da wata ƙasa daban, ga duwatsu a tsakiya, ga kurmi, ga ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, ga kogin Chagres da ke ambaliya ba sallama, a haƙa yau gobe ƙasa ta zaftare ta cike ramin. Zazzaɓin shawara da na cizon sauro suka yi ta kashe leburori, an ƙiyasta mutum wajen 22,000 ne suka mutu kafin kamfanin ya karye a 1889.

Amurka ta karɓi aikin a 1904, shekara guda bayan ta goya wa Panama baya ta ɓalle daga Kolombiya. Injiniyoyinta suka ga cewa maimakon a yi ta faɗa da kogin Chagres gara a mai da shi abokin aiki, sai suka datse shi ya zama tafkin Gatun, wanda ke mita 26 sama da teku, kusan tsayin bene mai hawa takwas kenan. Daga ɓangaren Atlantika zauruka uku a jere suke ɗaga jirgi zuwa tafkin, ya ratsa shi, ya bi ta tsagin dutsen da ake kira Culebra, sannan zaure ɗaya a Pedro Miguel da biyu a Miraflores su sauke shi a Fasifik. Tafiyar duka kilomita 80 ce da ɗoriya. An buɗe shi ranar 15 ga Agustan 1914, kuma a zamanin Amurkawan ma wajen mutum 5,600 sun rasu, akasarinsu baƙaƙen fata ne da aka ɗebo daga tsibiran Karibiyan irin su Barbados.

Akwai kuma wani dalilin da ya sa haƙa miƙe ke da wuya, a ɓangaren Fasifik teku na cikowa ya janye da bambancin da kan kai mita 6, alhali a ɓangaren Atlantika ko mita ɗaya ba ya kaiwa.

Kwana biyu a cikin ƙaramin jirgi

Wanda ya fi ganin aikin nan ido da ido ba matuƙin katafaren jirgin kwantena ba ne, masu ƙananan jiragen yawon duniya ne, irin miji da mata ko iyali guda da suka saka rayuwarsu a jirgi mai tsawon mita 12 ko 14 mai tafiya da iska da ɗan inji, suka taso daga Turai ko Amurka suna son zagaya duniya. Su zaɓi biyu gare su, ko su bi Panama ko su gangara can ƙarshen Kudancin Amurka inda iska da igiyar ruwa suka cinye jirage ba adadi. Yawancinsu Panama suke bi, kuma suna isowa ne tsakanin Janairu da Afrilu don su shiga kudancin Fasifik bayan lokacin guguwa ya wuce, wanda kuma shi ne daidai tsakiyar rani a Panama, lokacin da tafkin ke ja baya.

Mutum zai ajiye jirginsa a kusa da birnin Colón, ya yi rajista da Hukumar Mashigin Panama, ya biya, a ba shi rana, wani lokacin kwanaki kaɗan wani lokacin makonni in layi ya yi tsawo. Doka ta ce ban da matuƙi sai an samu mutum huɗu masu riƙon igiya, da igiyoyi huɗu kowacce mita 38, shi ya sa za ka ga matafiya suna yi wa juna gayya, yau na riƙe maka gobe ka riƙe min, wasu kuma su ɗauki samarin gari haya. A jikin jirgin ana rataya manyan balan-balan na roba ko tsofaffin tayoyin mota da aka naɗe da leda don kada ya gogi bango. Hukuma kuma tana turo jami'inta ya hau jirgin ya riƙa ba da umarni, kuma ciyar da shi abinci mai zafi yana wuyan mai jirgi.

Galibi da yamma ake tashi. Kafin a shiga zauren farko sai a ɗaure ƙananan jirage biyu ko uku gefe da gefe su zama kamar abu ɗaya, a saka su bayan wani babban jirgi, don ba za a ɓarar da ruwan zaure guda saboda su kaɗai ba. Ma'aikata daga saman bango za su jeho siririyar igiya mai ƙulli mai nauyi a baki kamar ƙwallo, wanda in ya sauka kan farantin sola zai iya fasa shi, shi ya sa masu jirgi ke rufe farantan da katifa ko matashin kai tun kafin a iso. A ɗaura babbar igiya a jikin siririyar, su janye ta sama su maƙala a turken ƙarfe. Daga nan ƙyauren baya zai rufe a hankali, mutum ya ga kansa a ƙasan wani rami mai bangaye masu gansakuka, faɗinsa mita 33.5 tsawonsa mita 305, gabansa ga bayan jirgi kamar dutse.

Sai ruwa ya fara ɓulɓulowa daga ƙasa ta ramuka ɗari, yana tafasa yana juyi, a cikin minti goma ko ƙasa da haka an tashi wajen mita 9. A nan aikin masu igiya yake, jirgi na tashi igiya na saki, dole kowa ya riƙa janye tasa daidai da sauran, in mutum ɗaya ya yi sakaci sai jiragen su juya su doki kankare. Da ƙofar gaba ta buɗe kuma babban jirgin zai kunna farfelarsa ya watso ruwa baya da ƙarfi, wani sabon riƙon kenan. Sau uku ake yin haka, a fito tafkin Gatun da dare a ɗaure a wani ƙaton turke mai iyo a kwana, an hana wanka a ciki kuma akwai kada. Da sassafe wani jami'in zai zo, a kama hanyar awa huɗu ko biyar da inji a tsakanin tsibirai waɗanda a da kawunan tuddai ne kafin ruwa ya shanye kwarin. Wajen sauka ƙananan jirage ne a gaba babban yana baya, saukar ta fi sauƙi sai dai a zauren ƙarshe na Miraflores inda ruwan daɗi ke haɗuwa da na gishiri ya tayar da wani irin ja mai fizgar jirgi. Daga nan sai a wuce ƙarƙashin Gadar Amurkoki, an shiga Fasifik.

Kuɗin fiton ƙananan jirage ma ya tashi, a farkon 2020 an ninka na mafi ƙanƙanta daga dala 800 zuwa 1,600, kuma an ci gaba da ƙarawa bayan nan, ban da kuɗin dubawa da na dillali da hayar igiya. Mafi arhar fito a tarihin mashigin shi ne na wani Ba'amurke Richard Halliburton da ya ratsa shi da iyo a 1928, aka auna nauyinsa ya biya santi 36.

Lissafin ruwan

Kowane wucewa ta tsofaffin zauruka yana cin ruwan daɗi wajen lita miliyan 200. In aka zuba a tankar mai irin mai cin lita 33,000, tankoki sama da 6,000 kenan saboda jirgi ɗaya, kuma a rana ta lafiya jirage 36 zuwa 38 ke wucewa. Wannan tafki na Gatun ɗin dai, tare da ƙaramin ɗan'uwansa Alajuela, su ne ke shayar da fiye da rabin al'ummar Panama.

A 2023 yanayin nan na ɗumamar ruwan tekun Fasifik da ake kira El Niño ya zo, damina ta yi gardama, watan Oktoba da ya kamata ya cika tafkin ya zama mafi bushewa tun da aka fara ajiye lissafi a 1950. Hukuma ta rage jirage zuwa 32 a rana, tana ta ragewa har ya kai 22 a Disamba. Ta kuma rage zurfin da aka yarda babban jirgi ya nutse daga ƙafa 50 zuwa 44, ma'ana dole ya rage kaya kafin ya shiga. Wanda bai yi ajiyar gurbi da wuri ba sai dai ya shiga gwanjo, har wani kamfanin Japan ya biya kusan dala miliyan 4 a Nuwamba don kawai ya tsallake layi, ban da ainihin kuɗin fito. Kamfanin Maersk kuma a Janairun 2024 ya koma sauke wasu kwantenoninsa a gaɓa ɗaya, jirgin ƙasa ya kai su ɗaya gaɓar. Sai da damina ta dawo a 2024 sannan aka koma 36.

Wani zai ce ai an faɗaɗa mashigin a 2016. Haka ne, an buɗe sababbin zauruka na Agua Clara da Cocolí masu faɗin mita 55 da tsawon mita 427, kuma an yi musu tafkunan gefe da ke tare kashi 60 cikin ɗari na ruwan a sake amfani da shi. Sai dai girmansu ya sa duk da haka suna shan ruwa sosai, sannan juya ruwa ɗaya sau da yawa yana sa gishiri ya riƙa hawowa cikin tafkin da mutane ke sha. Faɗaɗawar ta ƙara bakin da ke sha ne ba ta ƙara randa ba, kuma wannan shi ne kuskuren da masana da yawa ke nunawa.

Inda ake saɓani

Saɓani na farko na cikin gida ne. Hukumar mashigin tana son datse wani kogi da ke yamma mai suna Río Indio, ta haƙa rami ta ƙarƙashin ƙasa ya riƙa kawo ruwa Gatun, aikin da aka ƙiyasta zai ci dala biliyan 1.6 da shekaru wajen shida, kuma ta amince da shi a farkon 2025. Hujjarta ita ce mashigin ya zuba wa baitulmalin ƙasar wajen dala biliyan 2.5 a 2024 kaɗai, birane na ƙara girma, in ba a nemo sabon ruwa ba fari na gaba zai taɓa famfon gida da aljihun gwamnati a lokaci guda. Manoman kwarin kuwa, mutum sama da 2,000 da ruwa zai ci gidajensu da gonakinsu da maƙabartunsu, da yawansu sun ce ba su yarda ba, suna ganin su za a tasa don jiragen wasu ƙasashe su wuce, wasu kuma suna cewa a fara gyara bututun birni da ke zubar da ruwa a banza, ko a jawo daga tafkin Bayano da yake akwai shi tuntuni. Hukuma ta ce Bayano ya yi nisa kuma ana samar da lantarki da shi, ta kuma yi alkawarin diyya da sabon matsuguni. Duk wanda ya san labarin garuruwan da aka tasa lokacin gina Kainji, har tsohuwar Bussa ta nutse, ya san cewa maganar diyya ba a takarda ake gane ta ba.

Na biyu shi ne na Amurka. Trump ya ce ƙasarsa ce ta gina mashigin da kuɗinta, ana tsawwala wa jiragenta kuɗi, kuma wai Chaina ce ke juya shi. Gwamnatin shugaba José Raúl Mulino ta ce mashigin na Panama ne bisa yarjejeniyar da shugaban Amurka Jimmy Carter da jagoran Panama Omar Torrijos suka sa wa hannu a 1977, wadda aka cika ranar 31 ga Disambar 1999, kuma kuɗin fito ya danganta ne da girman jirgi da irin kayansa ba tutar da ya ɗaga ba. A kan batun Chaina, abin da ke tabbas shi ne hukumar Panama ce ke tafiyar da zaurukan, amma a lokacin da ake wannan cacar baki wani kamfanin Hong Kong mai suna CK Hutchison ne ke riƙe da tashoshin jirage biyu a bakunan mashigin, Balboa da Cristóbal, kuma wannan ne Amurkawa ke kallo a matsayin barazana in rikici ya tashi. Ga 'yan Panama kuma maganar ta wuce ciniki, har yau suna hutun 9 ga Janairu don tunawa da mutanensu sama da 20 da aka kashe a 1964 a rikicin kafa tutar ƙasarsu a yankin mashigin. Ƙorafin tsada yana da tushe, don kuɗi ya tashi ƙwarai a lokacin fari, amma ya tashi ne a kan kowa.

Wa abin ke shafa

Kusan kashi 5 cikin ɗari na cinikin duniya ta ruwa ne ke bi ta nan, kuma Amurka ce ta fi kowa amfani da shi, musamman hatsi da iskar gas da take kaiwa Asiya da kwantenonin da ke zuwa gaɓarta ta gabas. Ɗan kasuwar Kantin Kwari ko na Maraɗi da ke jiran kaya daga Chaina, kwantenarsa ba ta bin Panama, ta tekun Indiya take zuwa Legas ko Kwatano ko Lome. Abin yana iso shi ne ta bayan gida, in jirage suka koma doguwar hanya sai su daɗe ba su dawo ba, jiragen da ke kasuwa su yi ƙaranci, kuɗin dako ya hau a ko'ina. A ƙarshen 2023 abin ya haɗu biyu, Panama ba ruwa, a Bahar Maliya kuma 'yan Houthi na kai wa jirage hari har manyan kamfanoni suka ƙaurace wa Suez suka koma zagaye Afirka ta Kudu.

Mai ƙaramin jirgi shi ne a ƙarshen layi, don abin da yake biya bai kai ko ɗigo ba in aka kwatanta da babban jirgin kwantena da fitonsa kan kai ɗaruruwan dubban daloli, saboda haka in gurbi ya yi ƙaranci dole ya jira a samu jirgin da za a cusa shi a bayansa. In jiran ya yi tsawo sai lissafin iskarsa ya rushe, ya isa tsibiran Galapagos ko na Marquesas da ke Fasifik a makare, ga kuɗin ajiye jirgi na ƙaruwa kullum. Shi ya sa masu wannan tafiya tun suna Karibiyan suke bibiyar ma'aunin tafkin Gatun da hukumar ke wallafawa, su ga ko daminar Mayu zuwa Nuwamba ta cika shi kafin su juya akalar jirgi zuwa Colón.